Sitiyarin da Ya Ƙi Hagu

Sha ɗaya saura na safiyar Laraba aka bugo waya caji ofis. Sufeto na tsaye bakin taga da kofin shayin da ya riga ya huce, tana ta tunanin ko ta saka wa 'yarta maganin tari a jakar makaranta, ko kuwa a kan firji ta bar shi.

Saje, mataimakinta, ya ajiye kan wayar a hankali.

"Ranki ya daɗe, motar ƙungiyar lafiya ce, wadda ke kai rigakafi ƙauyukan kan dutse. Ta faɗa kwari a kwanar nan mai kaifi. Direba ya fita da rai. Ungozomar da ke gefensa ta rasu."

"Wace ungozomar?"

"Wadda ake ce wa Sista."

Sufeto ta ajiye kofin. Shekara uku da suka wuce, hannun Sista ne ya fara taɓa 'yarta a duniya. Ta ɗauki hularta.

Hanyar dutsen ta jar tsakuwa ce, busasshiya ƙayau, tana gangarowa a miƙe sannan ta karya hagu lokaci guda. Motar na can ƙasa kwance a gefe ɗaya, farar mota mai tsawo, irin mai ja da taya huɗu. An riga an tafi da gawar. Akwatin sanyi na rigakafi ya buɗe, ƙananan kwalabe sun watse cikin ciyawa.

"Gudu ne," in ji Saje. "Direbobin nan in sun hau babbar mota sai su ga kamar jirgi aka ba su."

Sufeto ta koma sama, ta bi sawun taya da ƙafa tana ƙirga taku. Birki ya fara cin ƙasa tun taku arba'in kafin kwanar. Daga nan sawun ya fara lanƙwasa hagu yadda ya kamata, ya yi ɗan baka, sai ya daina. Bai ƙara lanƙwasa ko da faɗin yatsa ba har bakin kwarin.

"Mai gudu ba ya fara birki tun daga can," ta ce. "Wannan ya san kwanar. Ya fara juyawa, sai ya fasa."

"Ko barci ya ɗauke shi."

"A tsakiyar kwana, ƙafarsa a kan birki?"

Ta gangara ta zagaya motar. Ƙofar gefen Sista ce ta bugi dutse. Gaban motar kuwa ko fitila ba ta fashe ba.

"A ɗauke ta yadda take, a kai filin ofis. Kada kowa ya kwance ko noti ɗaya."

Da suka koma, manajan garejin ƙungiyar na jiran su. Gajeren mutum ne mai tsabta, farar riga a goge, agogo mai ɗaurin fata, fayil a ƙarƙashin hammata. Idonsa ya yi ja.

"Rashi ne babba, ranki ya daɗe. Sista uwa ce a gare mu duka."

"Allah ya jiƙanta. Motar lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Ranar Litinin makanikenmu ya duba ta daga sama har ƙasa."

"Me ya sa aka duba ta ranar Litinin? Wani ya yi ƙorafi ne?"

"A'a. Al'adarmu ce kawai."

"Direban fa?"

"Ba na son in ɓata mutum yana cikin masifa. Amma na sha yi masa faɗa a kan ƙafarsa. Nauyi gare ta."

Ya miƙa mata littafin motar, inda direba ke rubuta fita da dawowa da duk wata matsala. Rubutun ƙarshe na ranar Juma'a ne. Bayansa sai farar takarda.

"Litinin da Talata ba ta fita ba?"

"Ta fita, cikin gari. Bai rubuta ba. Kin ga irin sakacin da nake faɗa."

Bayan tafiyarsa shugaban caji ofis ya kira ta. Ƙungiyar ta matsa, dangin mamaciya na kuka, shi kuma ba ya son dogon zance. Zuwa safiyar Juma'a fayil ya tafi kotu: tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa. Sufeto ta san shekarun ɗaurin da ke bayan waɗannan kalmomi.

"Ka ba ni gobe, yallaɓai."

"Gobe kaɗai."

Direban dogo ne ƙwarai, har sai da ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin tambaya. An ɗinke masa goshi, an ɗaure masa hannu ɗaya a wuya. Ya zauna yana kallon tebur.

"Me ya faru a kwanar?"

"Sitiyari ya ƙi, ranki ya daɗe."

"Ya ƙi yaya?"

"Na murza hagu, ya tafi, ya tafi, sai ya cije kamar an sa masa sakata. Na sa duk ƙarfina. Sista ta ce mini, 'Ɗana, juya mana.' Ita ce maganarta ta ƙarshe."

Sufeto ta bari ya numfasa.

"Yau ya fara?"

"Tun Litinin. Dama laushi kamar man shanu, hagu kuwa in an kai wani wuri sai an yi kokawa da shi ya wuce. Na rubuta a littafi, na gaya wa Manaja. Jiya ya ce makanike ya duba, iskar taya ce kawai, an ƙara."

"Babu rubutunka a littafin."

Ya ɗago kai karon farko. "Na rubuta. Da hannuna."

"In ka san haka take, me ya sa ka hau dutse da ita?"

"Yau da safe na ce ba zan tafi ba. Manaja ya ce an gyara. Sista ta ce rigakafin na cikin ƙanƙara, yara sittin na jira, in mun fasa sai wata mai zuwa." Ya sunkuyar da kai. "Da na tsaya a kan bakana."

"Ranar Juma'a yaya ka bar ta?"

"Lafiya lau. Sai dai da na zo Litinin na tarar an wanke ta tas, kuma kujera ta matsa gaba, gwiwata har tana bugun sitiyari. Na ɗauka maigadi ne wajen share ciki."

"Akwai wanda ya ga kana kokawa da sitiyarin? Ka ɗauki wani a cikin kwana biyun nan ban da Sista?"

"Babu," ya ce da sauri. "Ba a yarda mu ɗauki kowa ba."

Ta lura da saurin. Ta rubuta, ta rufe fayil.

A baranda, kan dogon benci, wata matashiya na zaune da goyo a baya da kular abinci a cinya. Tana ganin Sufeto ta miƙe.

"Ni ce matar direban. Tun safe bai ci komai ba, Anti. Ko ruwa ne a miƙa masa."

"Za a kai masa, ƙanwata. Zauna."

"Shekara tara yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba. In suka rufe shi, ban san..." Ta haɗiye sauran, saboda akwai kunnuwa a kusa.

Kunnuwan na wata yarinya ce 'yar shekara huɗu, zaune a ƙasa kusa da ƙafar uwarta. Ta zare murfin tukunya daga cikin jakar abinci ta riƙe da hannu biyu tana tuƙi, bakinta na kukan inji. Sufeto ta tsaya kallonta, don 'yarta ma haka take yi da faranti.

Yarinyar ta juya murfin dama, sumul. Ta dawo da shi tsakiya. Ta juya hagu, sai ta tsaya cak, ta cije leɓe, ta karkata kafaɗa, ta yi wani nishi irin na babban mutum, sannan ta fizge shi ya wuce. Ta sake. Dama sumul. Hagu nishi.

Sufeto ta durƙusa a gabanta.

"'Yan mata, wa ya koya miki tuƙi haka?"

"Babana."

"Kullum haka yake yi?"

"A'a. Da can haka." Ta juya murfin hagu da dama a sake. "Yanzu motar ta yi fushi."

Uwar ta sunkuyar da kai. "Litinin ruwa ya tare mu, babanta ya biyo ya kai ta makaranta. Jiya ma ta yi ta kuka, ya sake ɗaukar ta. Na san laifi ne a wurin aikinsu. Don Allah kada ki rubuta." Ta ƙara da cewa: "Kwana biyun nan ni nake shafa masa man zafi a kafaɗa."

Sufeto ta miƙe tsaye. Wannan yarinyar ta zauna a kujerar da Sista ta mutu, kwana ɗaya tak kafin nan. Ta ji kamar ta koma ciki ta wanke direban da mari, ta kuma ji kamar ta rungume yarinyar. Ba ta yi ko ɗaya ba. Yaro ba ya ƙirƙiro nishi irin wannan. Abin da ya gani yake kwaikwayo.

Amma kotu ba ta karɓar murfin tukunya.

Washegari da safe ta aika aka ɗauko tsohon makaniken da ya yi shekara talatin yana gyaran motocin 'yan sanda kafin ya yi ritaya. Baba Kunne ake ce masa, don tun mota na bakin ƙofa, daga jin kukanta yake faɗin ciwonta. An riga an tayar da motar a kan tayoyinta a filin ofis.

"'Yata, kin tashe ni ina shan hantsi. Wai me ke damunta?"

"An ce hagu ya yi tauri, dama laushi."

"An ce. To, mu ji daga bakinta."

Saje ya nuna injin. "Ba famfon sitiyari ba ne, Baba? Na ji ana cewa shi ke lalacewa."

"Kai da ganin mai ciwon kai sai ka fasa masa ciki. Daga mai sauƙi ake farawa."

Ya auna iskar tayoyin gaba. Daidai suke, kuma ya nuna wa Sufeto murafen bakin iskar, ƙura ta daskare a kansu.

"Waɗannan sun yi wata ba a buɗe su ba. Wa ya ce ya ƙara iska shekaranjiya?"

Sufeto ta rubuta.

Ya buɗe gwangwanin man sitiyari, ya tsoma yatsa, ya shinshina. Man na nan, ja, ba ƙauri. Ya danna bel da babban yatsa. A ɗaure yake.

"In mai ne ya yi ƙasa ko bel ya saki, taurin ko'ina zai yi, hagu da dama, kuma za ki ji tana kuka kamar mage. Abin da ke zaɓar gefe ɗaya, a ƙasa yake. Kawo jak."

Aka ɗaga gaban motar har tayoyin suka bar ƙasa. Ya ce Sufeto ta hau da kanta.

"Kada ki tayar da inji. Murza dama har ƙarshe, a hankali."

Ya tafi lami lafiya.

"Yanzu hagu."

Ya tafi kusan zagaye guda, sai ya tsaya mata a hannu kamar ta bugi bango. Ta sa ƙarfi. Ta ji kafaɗarta ta karkata, ta ji leɓenta a tsakanin haƙora, sai ta gane cewa tana yin abin da yarinyar ta yi jiya. Ta saki sitiyarin.

Baba Kunne na kwance a ƙasa kan kwali, yana girgiza mahaɗai ɗaya bayan ɗaya yana magana da su ƙasa-ƙasa. Can ya tsaya a kan ɗaya.

"Sauko ki gani."

Ta cire hula ta kwanta gefensa, ba ta damu da kakinta ba. Ya haska mata wani bututun ƙarfe kamar tsawon damtse, kwance a gicciye tsakanin tayoyin.

"Shokobar sitiyari ke nan. Ita ke shanye dukan dutse kada sitiyari ya fizge hannun direba. Akwai sanda a ciki mai shiga da fita. Bari ki ga abin mamaki."

Ya kwance noti ɗaya, ya saki bakin shokobar ya yi lilo.

"Kai Saje, hau ka murza."

Tayoyin suka tafi hagu har ƙarshe, suka dawo dama har ƙarshe, da yatsa biyu.

"Ga ɓarawonki. Bututun ya lotsa a nan. In sandar ta zo wucewa sai ta maƙale. A cikin gari, da inji da ƙarfin ƙato, za ta wuce da ƙyar. Kullum kuma tana ƙara cin jikinta. Ranar da ta ga dama sai ta ƙi."

"Za su ce faɗuwar ce ta lotsa shi."

"To su zo su gaya mini wane kwari ne ke yawo da burushi."

Ya kai hannunta kan bututun. Duk ƙarƙashin motar toka-toka ne, shi kaɗai ne baƙi wuluk yana sheƙi. Ya kankare da wuƙa. Fentin ya ɓare da danƙo, bai gama bushewa ba. A ƙarƙashinsa ga sawun guduma, ga kuma wasu tabo a jere, tazararsu ɗaya.

"Haƙoran sarƙa," in ji shi. Ya zura yatsa cikin ramin ƙarfen gindin motar, ya fito da baƙar laka mai ɗan danshi. "Wannan kuma ta bakin kogi ce, hanyar dutse ja ce. Motar nan ta kafe a taɓo, aka ja ta da babban abu, tarakta wataƙila. Wanda ya ɗaura sarƙar bai nemi ƙugiyar ja ba. Ƙarfen da hannunsa ya fara samu ya naɗa wa."

"Direba zai yi haka?"

Baba Kunne ya dube ta kamar ta zage shi.

"Wanda ya yi sati ɗaya yana tuƙi a daji ba zai yi ba. Kamar ki ɗaga jariri ta wuya ne. Wannan aikin mai tsoron ɓata riga ne."

Da azahar suka isa garejin ƙungiyar. Motoci uku a rumfa, ofis ɗaya mai labule. Ƙofar ƙarfen garejin rabinta ta sha sabon baƙin fenti, rabinta tsatsa. Maigadi, dattijo mai raunin ido, ya miƙe da sandarsa.

"Baba, ina makanikenku?"

"Ai yau kwanansa goma ba ya nan. Matarsa ta haihu, ya tafi garinsu."

Saje ya dubi Sufeto.

"Ranar Lahadi farar motar ta fita?"

"Lahadi ba a aiki, ranki ya daɗe."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan."

"Ban ga komai ba."

"Kai kake fentin ƙofar nan? Me ya sa ka tsaya a rabi?"

"Fentin ne ya ƙare."

"Ya ƙare, ko an ara?"

Dattijon ya soma murza kan sandarsa. Sufeto ta rage murya.

"Baba, kana da jikoki?"

"Bakwai."

"Nawa Sista ta karɓa?"

"Biyar."

"Akwai wani mutum a sel. Gobe da safe za a kai shi kotu a ce shi ya kashe ta. 'Yarsa shekararta huɗu, tana kan benci tana jiran a fito da shi. Ni ba zan tilasta ka ba. Amma kai za ka kwana da shi."

Ya zauna a kan kujerarsa.

"Da hantsi Manaja ya fita da ita, shi da surukansa, zai nuna musu gonarsa ta bakin kogi. Da la'asar ya dawo, motar kamar an tono ta daga kabari. Ya ce in wanke, in kuma manta. Ya karɓi guduma da gwangwanin fentina ya shiga ƙarƙashi. Wallahi na ɗauka ƙarfen ado ne yake gyarawa."

A cikin ofis, Manaja na zaune bayan tebur yana rubuta takardar ta'aziyya. Ya miƙe da fara'ar da ba ta kai ido ba.

"An kammala, ranki ya daɗe?"

"Saura kaɗan. Wane makanike ne ya duba motar ranar Litinin?"

"Namu mana."

"Daga garinsu, da jariri a hannu?"

"Na nufin... wani na waje na kira."

"A ina shagonsa yake? Saje zai je yanzu."

Manaja ya kawar da kai.

Ta ɗauki littafin motar, ta buɗe shi daidai tsakiya inda zaren ɗinki yake, ta ja wata takarda ta can baya. Ta zare a hannunta ba tare da ta yage ba.

"Littafin ɗinki ne. In ka cire takarda a gaba, 'yar'uwarta ta baya sai ta saki. Duk uwar da ke duba littafin makaranta ta san wannan."

"Direban ne zai cire, don ya..."

"Don ya ɓoye ƙorafin da zai wanke shi?"

Saje ya ajiye shokobar a kan teburin, kan takardar ta'aziyyar. Manaja ya ja baya kamar an ajiye maciji.

"Ban san wannan ba. Ni aikin ofis nake yi, ban taɓa shiga ƙarƙashin mota ba."

"Na yarda ba ka saba ba. Wanda ya saba, agogonsa yake fara cirewa. Miƙo hannunka."

Bai miƙa ba. Saje ya kama wuyan hannun ya juya. An goge gilashin agogon tas, amma a cikin ramukan ɗaurin fatar, da gefen maɗaurin, baƙin fenti ya zauna yana sheƙi.

"Maigadi ya yi magana. Mai tarakta a bakin kogi ba zai yi wuyar samu ba. Surukanka ma za mu gaishe su. Ko kana so ka rage musu wahala?"

Manaja ya koma kan kujera yana kallon ƙarfen.

"An taɓa ba ni takardar gargaɗi a kan fita da mota," ya ce da ƙyar. "In aka sake, kora ce. Da muka kafe, mai tarakta ya jefo mini sarƙa ya ce in nemi ƙugiya. Ƙugiyar na can cikin taɓo, sai na tona da hannu, ga surukaina a tsaye suna kallo. Na laluba na ji ƙarfe, na naɗa. Da na dawo na ga ya lanƙwashe, na buga shi ya miƙe. Na yi niyyar in sayo sabo ranar Asabar, kafin makanike ya dawo. Wallahi na yi niyya."

"Direba ya gaya maka Litinin. Ya sake gaya maka Talata. Jiya da safe ya ce ba zai hau dutse ba. Sau uku Allah ya buɗe maka ƙofa. Kalma biyu ce: ɗauki wata. Ga motoci uku a rumfa."

"In na ce haka, zai tambaye ni dalili."

"Shi ke nan? Don kada a tambaye ka dalili?"

Ya rufe fuska da hannu biyu. "Ban yi zaton za ta ƙi gaba ɗaya ba."

"Takardar fa, yaushe ka cire ta?"

"Jiya. Bayan an bugo waya."

"Wato gawarta na kwance a cikin ciyawa, kai kana nan kana gyara littafi." Sufeto ta ji muryarta na neman tashi, ta danne ta. "Ranar Talata yarinya 'yar shekara huɗu ta zauna a motar nan. Ba don ka sani nake faɗa maka ba. Don ka riƙa tunawa ne. Saje."

Ankwa ta rufe a kan agogon. Suka fito da shi ta gaban rumfar motoci, ta ƙofar da rabinta baƙi rabinta tsatsa. Maigadi ya buɗe musu, ya juya fuskarsa bango.

Kafin la'asar aka buɗe sel. Direban ya fito yana sunkuyawa. Sufeto ta tare shi a bakin ƙofa.

"An wanke ka daga tuhuma. Maganar yarinyar na cikin rahotona, don ita ta nuna mini hanya, ba zan ɓoye ba. Abin da ƙungiya za ta yi da kai, nasu ne. Amma ka ji ni da kyau: motar da hannunka bai yarda da ita ba, ko wa ya rantse maka, kada ka ƙara saka ɗan kowa a ciki. Balle naka."

"Na ji, ranki ya daɗe." Hawaye na bin fuskarsa. "Ni na tuƙa ta dai. Wannan ba mai wanke ni."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Matarsa ta miƙe daga benci. Yarinyar ce ta rugo, murfin tukunyar a hannunta, ta faɗa jikin ƙafafunsa.

"Baba, kalli, na iya."

Ta juya dama sumul. Ta juya hagu, ta cije leɓe, ta karkata kafaɗa za ta yi nishin.

Ya durƙusa, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nata biyu, ya tsayar da murfin.

"In ta yi haka, 'yata," ya ce, "ba a dannawa. Sauka ake yi."